Tsofaffin Kotunan Alƙalai a Ƙasar Rano da Kibiya: Gini da Takarda a Matsayin Shaidu

Gabatarwa

Idan ana lissafa kayan tarihin ƙasar Kano, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne ganuwa, da Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata. Ba kasafai ake tuna ɗakunan shari'a da aka gina a hedikwatocin gundumomi a zamanin mulkin mallaka ba. Wasu na ganin bai dace a adana wurin da aka yi wa talakawa bulala ko tara ba. Wasu kuwa tsohon gini kurum suke gani, wanda ya tare fili. Amma kotu irin wannan shaida ce iri biyu, wato ginin kansa da kuma littattafan da aka rubuta a cikinsa. Dukkansu suna lalacewa ta hanyoyin da kimiyya ta sani, kuma ta san maganinsu. Wannan maƙala za ta duba al'amarin ta fuskar ƙasar Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano.

Yadda Kotun Gunduma ta Samu

Rano tana cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Kibiya kuwa ta daɗe a cikin ƙasar Rano kafin ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, kuma a dokar masarautu ta 2024 an haɗa Rano da Kibiya da Bunkure a masarauta guda. Tun kafin zuwan Turawa akwai alƙalai a manyan garuruwan Kano, suna hukunci da littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Sau da yawa zauren gidan alƙali shi ne kotunsa.

A ƙarshen Janairu 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa garin Bebeji da ke maƙwabtaka da Rano, sannan ta kama birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu. Lugga bai soke alƙalanci ba, domin ba shi da isassun ma'aikatan da za su maye gurbinsa. Sai dai ya sauya masa kama. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 suka sa kotu ba ta zama sai da takardar izinin Razdan. Aka hana yanke hannu da wasu haddodi, aka ba jami'in Bature ikon duba hukunci da sake shi. Daga bisani aka rarraba kotuna aji huɗu, daga A zuwa D. Majalisar Sarkin Kano tana aji na sama, kotunan gunduma suna ƙasa da ita, kuma manyan laifuffuka kamar kisan kai birni ake kai su.

Da aka kafa Baitulmali sai aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin tara da na ƙara suka riƙa shiga asusun En'e. Wannan ne ya wajabta rajista, da rasit, da magatakarda, da wurin ajiya. A hankali shari'a ta tashi daga zauren gida ta koma ginin hukuma, inda alƙali ke zama da muhutinsa, dogarai ko 'yan doka suna tsaye a ƙofa.

Abin da Littattafan Kotu ke Faɗa

Littattafan tarihi sun fi ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Rajistar kotu kuwa sunan manomi take ɗauke da shi, da na matar da ta nemi saki, da na bawan da ya fanshi kansa. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin waɗannan shekaru kotunan alƙalai ne suka riƙa ba da takardun 'yanci. Haka kuma bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, gona ta ƙara daraja, kuma a gaban alƙalai ake warware rikicin iyaka da gado da bashi.

Amfanin irin waɗannan takardu ya fito fili a 1994, lokacin da masanin tarihi Allan Christelow ya wallafa fassarar wasu hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914. Daga cikinsu manazarta suka fahimci yadda ake mallakar gona da yadda ake biyan diyya a wancan zamani.

Tarihin yana da ɗaci ta wani ɓangaren. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, an yi amfani da kotunan En'e wajen ɗaure magoya bayanta da dama. A 1960 aka fara aiki da dokar Final Kod, a 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e zuwa gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, a 2000 kuma Kano ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Kowane sauyi daga cikin waɗannan ya bi ta ɗakin shari'ar gunduma.

Karanta Gini

Gini yakan faɗi shekarunsa ga wanda ya san kayan aiki. Gine-ginen hukuma na farkon mulkin mallaka magina Hausawa ne suka yi su da tubali da azara, kamar yadda ake gani a Gidan Ɗanhausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna. Daga baya ma'aikatar ayyuka ta En'e ta shigo da siminti da jan bulo da kwano da tagogi masu faɗi.

Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da dama, wato da dare. Don haka ɗaki kan yi sanyi da tsakar rana ba tare da fanka ba. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita biyu. Magina suka warware wannan da bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara hawa-hawa a cikin laka har ta haɗe a sama. Babban Gwani Mika'ilu ya nuna ƙwarewa a wannan fasaha a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma a harabar masallacin har da ɗakin shari'a.

Abokan Gābar Gini da Takarda

Ruwa ne babban maƙiyin ginin ƙasa, kuma kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama. Idan indararo ya toshe, ruwa kan kwanta a kan soro ya ruɓar da kan azara. Ta ƙasa ma danshi kan hau bango ta cikin ƙananan kafofi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Magabata sun kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso da ake haɗawa da katsin marina. Waɗannan suna korar ruwa, amma suna barin danshi ya fita. Shafen siminti kuwa yakan kulle danshin a ciki, ƙasa ta yi laushi a ɓoye, wata rana shafen ya ɓalle da guntun bango.

Takarda ma tana da nata ciwon. Tsohuwar takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya, da tsumma aka yi ta, shi ya sa take daɗewa. Takardar rajistar zamanin Turawa kuwa yawanci daga itace aka sarrafa ta, tana ɗauke da sinadarin asid wanda ke sa ta yin ja tana karyewa. Zafi da danshi suna hanzarta wannan, sannan ga gara da ɓera. Maganinsu shi ne a ɗaga takardu daga ƙasa, a ajiye su a busasshen wuri mai iska, a guji liƙa musu salatif, a kuma ɗauki hoton kowane shafi.

Me Ya Kamata a Yi?

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba ta ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, kamar yadda aka yi wa Gidan Makama da tsohon masallacin Bebeji. Jihar Kano ma tana da Hukumar Tarihi da Al'adu. Adana wuri ba ya nufin yaba abin da aka aikata a cikinsa. A Afirka ta Kudu, tsohon kurkukun Johannesburg inda aka taɓa tsare Nelson Mandela, a harabarsa aka buɗe ginin Kotun Tsarin Mulki a 2004.

Makarantun sakandare na Rano da Kibiya na iya fara aikin da abin awo da littafin rubutu. Ɗalibai su nemi izinin hakimi, su tambayi dattawa inda alƙali ya riƙa zama a kowane zamani, su auna kaurin bango da faɗin ɗaki ko kufansa, su zana taswira, su gwada zafin ciki da na waje da ma'aunin zafi. Malamin tarihi da na kimiyya za su iya haɗa ajinsu a kan wannan.

Kammalawa

Waɗanda suka ga shari'ar En'e da idonsu kafin 1968 yanzu dattawa ne, kuma kullum raguwa suke yi. Za a iya sake gina bango idan akwai awo da zane, amma rajistar da gara ta cinye ba ta da madadi. Saboda haka rubuta bayanan dattawa da ɗaukar hoton takardu su ne aikin farko, gyaran indararo da yaɓe kuma a yi su kafin damina ta faɗi.