Wanda Ya Ga Fim Bai Gama Labarin Jarumai Ba

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin masu son fina-finan Marvel da DC, kuma mutane ne masu hankali ke faɗinta. Suna cewa wanda ya kalli fim ya gama da labarin, littattafan zanen da ke fitowa mako-mako kuwa abin yara ne, ko na wasu tsirarun masu tara takarda a Amurka. A ganinsu, babban mutum ya zauna yana jiran ranar Laraba don ya ji abin da ya sami Batman, har yana bin sharhin masu zaɓen littattafan mako, ɓata lokaci ne, tunda duk abin da ya yi kyau kamfanin zai kwashe shi ya zuba a fim. Ina ganin mutuncin masu wannan ra'ayi, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Inda ya dosa ne ban yarda da shi ba.

Abin da suka faɗa daidai ba kaɗan ba ne. Fitowa guda ta littafin Marvel ko DC a yau ba ta cika wuce shafi 20 na labari ba, kuɗinta kuma dala 3.99 ko 4.99, kafin shayi ya huce an karance ta. Jarumai suna mutuwa suna tashi har mutuwar ta daina ba kowa tsoro: an kashe Superman a 1992 ya dawo a 1993, an kashe Captain America a 2007 ya dawo bayan shekara biyu. Kamfanonin suna yawan mayar da lambar littafi zuwa 1 don su ja sababbin masu saye, a 2011 ma DC ta yi haka da littattafai 52 a tashi ɗaya. Baƙon da ya leƙo sai ya rasa ƙofar shiga. Kuma duk mai gaskiya zai yarda cewa yawancin abin da ke fitowa a kowane mako tsaka-tsaki ne, bai kai a yi ta maganarsa ba.

To amma batun cewa abin yara ne yana da tarihi, kuma tarihin bai goyi bayan masu faɗinsa ba. Fitowar farko ta Captain America ta shiga kasuwa a watan Disamba na 1940, da zanen jarumin yana naushin Hitler a bango, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Joe Simon da Jack Kirby da suka ƙirƙire shi sun san abin da suke yi, siyasa ce suka sa a bango a lokacin da Amurkawa da yawa ba sa son a taɓa rikicin Turai. Sojojin Amurka na cikin manyan masu karanta irin waɗannan littattafai a lokacin yaƙin. A 1954 ne wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, yana ɗora wa littattafan zane alhakin lalacewar matasa. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan batun a shekarar. Don gudun kada gwamnati ta sa musu takunkumi, sai masu wallafa suka kafa hukumar tacewa tasu, Comics Code Authority, wadda ta hana a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta fuskar da za ta jawo a raina shi, ta kuma ce dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari. Sauƙin labarin da mutane ke tunawa da shi, wanda ya sa har yau ake cewa na yara ne, ƙa'ida ce ta ɗora shi.

Marubutan kuwa ba su daɗe ba suka fara ture shingen. Ma'aikatar lafiya da ilimi ta Amurka ta roƙi Stan Lee na Marvel ya yi labari a kan illar ƙwaya. Ya rubuta shi a The Amazing Spider-Man, fitowa ta 96 zuwa 98, a 1971, hukumar tacewa ta ƙi sa hatiminta saboda an ambaci ƙwaya, Marvel ta buga ba hatimin. A shekarar, Denny O'Neil da Neal Adams suka nuna yaron Green Arrow ya zama ɗan ƙwaya. A 1979 Iron Man ya faɗa shaye-shayen giya. Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda ya fito kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, mujallar Time ta sa shi a 2005 cikin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafi kyau da aka rubuta da Turanci tun 1923. Marvel ta fice daga hukumar tacewar a 2001, DC ta bi baya a 2011.

Wannan duka na amsa batun yara ne. Abin da ya fi damuna shi ne cewa fim ya wadatar, kuma ba ni da misalin da ya fi kusa da mu irin Black Panther.

Mutane da yawa sun san Dora Milaje, matan nan masu aski ƙwal da ke tsaron sarkin Wakanda, daga fim ɗin 2018. Christopher Priest ne ya ƙirƙiro su a littafin Black Panther da ya fara rubutawa a 1998. A nasa labarin su biyu ne ake gani tare da sarki, Okoye da Nakia, kuma ba sa magana da kowa sai shi, da shi ɗin ma ba sa yin wani harshe sai Hausa. Dalilin da labarin ya bayar shi ne ba kowa ke jin Hausa a Wakanda ba, don haka ta zama harshen sirri tsakanin sarki da masu tsaronsa. Da aka zo fim, sai aka ɗauki harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo ta bakin John Kani da ya fito a matsayin sarki T'Chaka a 2016. Ban ga laifin hakan ba, fim na da 'yancin zaɓinsa. Sai dai Bahaushen da ya tsaya a fim zai yi ta yabon Wakanda bai taɓa sanin cewa harshensa na cikin ginin labarin ba.

Ba harshe kaɗai aka bari a baya ba. A wajen Priest, ana zaɓo waɗannan 'yan mata ne daga ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, a matsayin waɗanda sarki zai iya aura, don a kwantar da gaba. Tsari ne mai ɗaure kai, kuma labarin bai ɓoye cutar da ke cikinsa ba: son sarki ya juyar da kan Nakia har ta zama abokiyar gaba. Nakiyar fim kuwa 'yar leƙen asiri ce mai kirki daga farko har ƙarshe. Killmonger, mugun fim ɗin, ya girme su duka, Don McGregor ne ya kawo shi a 1973, cikin dogon labarin da kusan dukan mutanensa baƙaƙen fata ne, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 2016 kuma Ta-Nehisi Coates ya karɓi littafin ya tambayi abin da fim bai tsaya a kansa ba: me ya sa ƙasa mafi ci gaba a duniya za ta zauna ƙarƙashin sarki mai cikakken iko, kuma me zai faru idan talakawa, har da wasu daga cikin masu tsaronsa, suka juya masa baya? Nnedi Okorafor, marubuciyar nan 'yar asalin Nijeriya, ta rubuta littafin Shuri, ƙanwar jarumin, a 2018. Fiye da shekara hamsin tun da Lee da Kirby suka fito da jarumin a 1966, marubuta na ta ja-in-ja da juna a kan ma'anar Wakanda. Awa biyu da 'yan mintoci ba za su ɗauke wannan ba.

Haka yake da Thanos. A wani fim na 2018 yana kashe rabin halitta ne da sunan ceton sauran daga ƙarancin abinci. A The Infinity Gauntlet na Jim Starlin, 1991, yana yin haka ne don ya burge Mutuwa, wadda labarin ya siffanta a matsayin macen da yake so ba ta kula shi. Mugu ne daban, da ciwo daban.

Sannan akwai abin da shafi ke yi wanda allo ba ya iya yi. Kashi na 5 na Watchmen an tsara shi ta yadda shafin farko ke kallon na ƙarshe, na biyu na kallon na kusa da ƙarshe, har su haɗu a tsakiya, kuma sai mai karatu ya riƙa juya takarda gaba da baya zai gane. Matt Fraction da David Aja sun ba da fitowa ta 11 ta Hawkeye gaba ɗayanta ta idon kare, da alamomin ƙamshi da wari a madadin magana, ta kuma ci lambar Eisner a 2014. A ta 19 jarumin ya kurmance, sai aka bar wuraren magana fayau ba rubutu, aka sa maganar hannu ta kurame ba tare da fassara ba, don mai karatu ya ɗanɗani abin da jarumin ke ji. Na karanta wannan fitowar ban fahimci rabin abin da ake faɗa ba, kuma abin da masu littafin ke nufi ke nan.

Wani zai ce to, ya ji, amma me ya sa sai mako-mako? A jira a haɗa labarin a littafi guda mana. Wannan tambaya ce mai kyau, ni ma ba na hana kowa jira. Sai dai a duba yadda kasuwar take. Tun shekarun 1970 aka fara sayar da littattafan kai tsaye ga shagunan da wannan ce sana'arsu, bisa sharaɗin ba a mayar da kwantai. Mai shago yana yin oda makonni kafin littafi ya fito, abin da bai sayu ba kuma asararsa ce. Don haka yake dogara da abokan cinikin da suka ba shi jerin littattafan da zai riƙa ajiye musu duk Laraba. Da waɗannan alƙaluma kamfani ke yanke hukuncin ko labari zai ci gaba ko za a datse shi. Idan kowa ya jira, labarin da ake jira ɗin zai iya mutuwa kafin a kai ga haɗa shi. A 2015 DC ta sanar za ta tsayar da The Omega Men na Tom King a kashi na 7, masu karatu suka yi ca, aka bar shi ya cika 12. A 1988 ma DC ta buɗe layin waya aka jefa ƙuri'a a kan ko Robin na biyu, Jason Todd, zai rayu. 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu, aka kashe shi da ratar ƙuri'a 72.

A nan ne aikin masu sharhin mako yake. Tunda na yarda cewa yawancin abin da ke fitowa tsaka-tsaki ne, dole a sami mai karanta tulin ya ce wannan a cikinsa ya cancanci kuɗinka. Batman da Spider-Man za su sayu ko an yabe su ko ba a yabe su ba. Ƙaramin littafi mai sabuwar fuska shi ne rayuwarsa ke rataye a bakin mutane. A watan Fabrairu na 2014 Marvel ta fitar da Ms. Marvel, labarin Kamala Khan, Musulma 'yar shekara 16 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, wanda G. Willow Wilson ta rubuta, Adrian Alphona ya zana, Sana Amanat na cikin editocinsa. Yarinya ce da ke zuwa masallaci, tana saɓani da iyayenta a kan fita da dare, malamin masallacinsu kuma mutum ne mai ba da shawara ta hankali. Masu karatu suka ɗauke ta har aka yi ta sake buga fitowar farko, labarin ya ci lambar Hugo a 2015. Shirin talabijin ɗinta bai zo ba sai 2022. Da masu sayen mako-mako sun yi watsi da ita a 2014, da babu abin da za a kalla.

Har yanzu abin na gudana. A Janairun 2024 Jonathan Hickman da Marco Checchetto suka fara Ultimate Spider-Man, inda Peter Parker magidanci ne da mata da 'ya'ya biyu kafin gizo-gizo ya cije shi. A Oktoban shekarar Scott Snyder da Nick Dragotta suka fito da Absolute Batman: Bruce Wayne ba shi da gadon dukiya, injiniya ne da ya tashi a unguwar talakawa, mahaifinsa malamin makaranta ne, mahaifiyarsa kuma tana raye. Littafi mai shafi 20 zai iya gwada irin wannan kasada don in ta ƙi, asarar ba ta da yawa. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 ba ya gwaji, yana ɗaukar abin da ya riga ya ci jarrabawa ne.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938. Bill Finger, wanda ya ƙago yawancin abin da muka sani game da Batman, ya rasu a 1974, sunansa bai hau kusa da na Bob Kane a hukumance ba sai 2015. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka ƙirƙiro Winter Soldier a 2005, ya faɗa a bainar jama'a cewa kuɗin da yake samu daga 'yar fitowar da ya yi a fim ɗin Winter Soldier na 2014 ya fi abin da ya samu a matsayin wanda ya ƙirƙiri jarumin. A fim, sunan irin waɗannan mutane yakan zo ne can ƙarshe cikin jerin godiya, bayan 'yan kallo sun fara tashi. A littafin Laraba yana kan bango, kuma mai sharhin mako da shi yake fara maganarsa. Wanda yake nesa da shagunan ma ba a rufe masa ƙofa ba, domin manhajar Marvel Unlimited tana ɗora sababbin littattafan kamfanin bayan wata uku da fitowarsu, kuma tsofaffin suna nan a ciki, har da Black Panther na Priest.