Yadda Ake Koyon Salon Jitar Blues Da Taimakon Wayar Hannu

Da yawa daga cikin masu koyon jita sukan kai wani matsayi su tsaya cik. Sun haddace inda ake ɗora yatsu, sun cika waya da bidiyoyin darasi, amma da zarar sun kaɗa sai kiɗan ya fito a bushe, bai ko kama hanyar na B.B. King ba. Wasu sai su ɗora wa jitar laifi, su kashe kuɗi wajen sayen sabuwa ko babbar amfilifaya. Galibi kuwa matsalar tana ga kunne da yatsa ne, kuma wayar da ke aljihun mai koyo ta isa ta taimaka masa ya gyara su.

Mene ne ake koyo?

Kiɗan blues ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman yankin kogin Misisipi, a ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya ya bi masu ƙaura zuwa birane irin su Shikago, inda jitar lantarki ta karɓe shi. Makaɗansa suna gina kiɗansu da gajerun jimloli na amo uku zuwa takwas, waɗanda suke kira lick. Jimla ɗaya takan yi yawo daga hannu zuwa hannu. Wadda T-Bone Walker ya yi fice da ita a shekarun 1940 ana jin ta a kiɗan Chuck Berry na shekarun 1950, kowa da yadda yake furta ta.

Aikin jimlar shi ne amshi. B.B. King, wanda aka haifa a 1925 ya rasu a 2015, yakan rera baiti ya yi shiru, sannan jitarsa mai suna Lucille ta ba shi amsa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi. Faifansa Live at the Regal, wanda aka naɗa a Shikago a 1964, misali ne mai kyau ga mai son jin wannan da kunnensa.

Amo biyar da zango goma sha biyu

Mafi yawan waɗannan jimloli daga amo biyar kacal suke fitowa. A mabuɗin A, amon su ne A, C, D, E da G, kuma duk suna taruwa tsakanin gaɓa ta 5 da ta 8 a wuyan jita. Akwai na shida da ake ratsawa ta kansa ba tare da an zauna ba, yana gaɓa ta 8 a tsirkiya ta uku. Tsarin amo biyar ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da goge ko garaya, kuma a kansa makaɗa irin su Ali Farka Touré na Mali da Bombino na Agadas suka gina kiɗansu.

Shi kuwa kiɗan da ake bi yana zagayawa ne a zango goma sha biyu, kowane zango da bugu huɗu: huɗu a kan A, biyu a kan D, biyu a kan A, ɗaya a kan E, ɗaya a kan D, sai biyun ƙarshe su dawo gida.

Jimlar farko

Ana ƙirga tsirkiyoyi ne daga mafi siranta. Mai koyo zai danne tsirkiya ta uku a gaɓa ta 7 da yatsan zobe, ya kaɗa, ya tura ta sama har amon ya tashi daga D zuwa E. Daga nan ya kaɗa tsirkiya ta biyu a gaɓa ta 5, sannan ta ɗaya a gaɓa ta 5. Amo uku ke nan, amma nan ne kiɗan yawancin masu koyo yake lalacewa, domin turin yakan gaza ko ya zarce. Yatsa ɗaya ba ya iya aikin shi kaɗai. Ana jera na tsakiya da ɗan ali a bayansa, ƙarfin kuma ya fito daga juyawar wuyan hannu. Siraran tsirkiyoyin jitar lantarki masu lamba 9 sun fi sauƙin turawa a kan masu kauri na jitar katako.

Inda waya ke shigowa

Na farko shi ne manhajar saita amo, kuma akwai su kyauta da yawa. Bayan saita jita a bar ta a buɗe, a tura tsirkiyar ana kallon allo. Idan allurar ta tsaya daidai kan E, turin ya cika. Bayan 'yan kwanaki sai a kife wayar, a bar kunne ya yanke hukunci ta hanyar gwada amon da na tsirkiya ta biyu a gaɓa ta 5, domin su biyun ɗaya ne.

Na biyu shi ne rage gudu. A zamanin faifan garmaho masu koyo sukan rage juyawar faifai daga 33 zuwa 16 a minti, amma sai amon ya faɗi ƙasa ya yi kauri. Yanzu YouTube yana bari a mai da gudu 0.75 ko 0.5 ba tare da amo ya sauya ba, haka ma manhajar Audacity ta kyauta a kwamfuta. A ware daƙiƙa uku ko huɗu, a saurara sau da dama, a rera da baki kafin a taɓa jita. Jimlar da baki bai iya rerawa ba, da wuya yatsu su faɗe ta daidai.

Na uku shi ne manhajar ƙirga bugu. A fara da bugu 60 a minti, a riƙa ƙara biyar-biyar sai idan jimlar ta fita tsaf. Takun blues yana ɗan ɗingishi: ana raba kowane bugu gida uku, amon farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya.

Na huɗu shi ne naɗar sauti. Yayin kaɗawa hankali yana kan yatsu, shi ya sa kuskure ke wucewa ba a ji ba. Naɗin minti ɗaya yakan tona turin da bai kai ba da gaggawar da ta cinye shirun da ke tsakanin jimloli.

Gwargwadon atisaye

Minti ashirin kullum a kan jimla ɗaya ya fi awa uku a rana guda ana tsalle daga bidiyo zuwa bidiyo. Idan ta zauna a hannu, sai a kunna kiɗan rakiya na zango goma sha biyu, a kaɗa ta a zango biyu, a yi shiru a biyu masu bi mata. Daga nan a matsar da ita gaɓa uku gaba domin mabuɗin C, a sauya amon ƙarshe, a jinkirta shigarta da rabin bugu. Wanda ya mallaki jimla biyar ta wannan hanya zai iya raka cikakkiyar waƙa, kuma lokacin ne ya dace ya fara tunanin sayen sabbin kayan kiɗa.