Kafin Ka Sayi Injin Yanka Zane a Katako

Hotunan sun cika wayoyinmu: sunan amarya da ango an yanko shi daga falankin katako, agogon bango mai huda-huda, taswirar Afirka da yara za su wargaza su sake haɗawa. Mafi yawan irin wannan aiki da ɗan ƙaramin inji guda ake yin sa, wanda za ka ga an rubuta Scroll Saw a jikin kwalinsa. Yanayin aikinsa kamar keken ɗinki ne. Akwai faranti da ake ɗora katako a kai, sai wani siririn tsinken zarto da ke hawa yana sauka, kai kuma kana juya katakon da hannu biyu kana bin layin zane. Abin da ya bambanta shi da sauran zartuna shi ne ana iya kwance tsinken, a zura shi ta hujin da aka yi da burgi, a sake ɗaure shi, a yanke tsakiyar katako ba tare da an taɓa gefensa ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, yake manna taswira a kan katako yana yayyanka ta domin koyar da yara, kuma duk da hannu ya yi. A shekarun 1870 kamfanin Barnes da ke Rockford a jihar Ilinoi ta Amurka yana ƙera irin wanda ake tuƙawa da ƙafa. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin wanda aljihunsa bai kai ba, ko wanda wuta ba ta zama a unguwarsu: zarton zane na hannu, mai doguwar baka, yana yin aikin, sai dai a hankali. Ni a ganina da shi ma ya kamata kowa ya fara, don ya gane ko da gaske yana da haƙurin aikin kafin ya zuba kuɗi.

Idan ka yanke shawarar sayen inji, fara tabbatar da cewa shi ɗin ne. Akwai zarton lantarki na riƙewa a hannu da kafintoci ke yanka filawud da shi, akwai kuma babba mai tsinke zagayayye da ke gudu a kan ƙafafu biyu. Dukansu suna yanka lanƙwasa, amma ba wanda zai fitar maka da ƙananan haruffa da tsabta. Mai shago da ke son ciniki zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Tambaya ta farko kuwa ba ta injin ba ce, ta tsinke ce, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Tsinken yana da tsawon inci 5, kuma iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙarfe a gicciye a kowane ƙarshe, wanda ake rataya shi kawai. Sa shi ba wuya, amma yana da kauri, kuma saboda wannan ɗan ƙarfen ba zai shiga hujin da bai kai wajen milimita 5 ba. Akwai kuma mara ƙarfen, wanda ake matsewa da kusa mai zare. Shi ne na aikin ƙwarai, domin siraransa suna shiga hujin da bai wuce milimita ɗaya ba. Injuna masu araha da yawa na farkon kaɗai suke karɓa. Mutum zai kai gida da murna, sai ranar da ya zo yanka cikin harafin "wawu" ko idon tsuntsu ya tarar injinsa ba zai iya ba. Ka nemi wanda ke karɓar mara ƙarfen, ko mai karɓar duka biyun, kuma ka ce a kwance a ɗaure a gabanka. Zane guda na iya buƙatar a kwance tsinke sau hamsin. Idan kowane kwancewa sai an nemo sifana, sha'awar za ta mutu kafin aikin ya ƙare.

Tsinken nan kuma kayan ƙarewa ne, yana dakushewa yana karyewa, shi ya sa ake sayar da shi dozin-dozin. Yana da lamba, daga 2/0 mai sirantaka sosai har zuwa 12 na katako mai kauri, kuma 3 da 5 da 7 sun isa yawancin aiki. Kamfanoni irin su Olson na Amurka da Pégas na Suwizalan sun yi suna a kansa. Kafin ka biya kuɗin inji, ka san inda za ka riƙa samun tsinke. Inji mai tsada da babu tsinkensa a kasuwar garinku, ƙarfe ne kawai ka ajiye.

Lambar da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin injin kuwa, 16 ko 18 ko 20, tazara ce a inci daga tsinke zuwa bayan injin. Mai inci 16 zai kai tsakiyar falanki mai faɗin inci 32, kuma ya wadatar da mai koyo. Kauri kuwa, yawancinsu ba sa wuce inci 2. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne girgiza. Ka sa a kunna, ka ɗora hannu a kan farantin, ka dubi tsinken daga gaba: idan ka ga yana rawa gefe da gefe maimakon ya zama layi ɗaya, bar shi. Mai farantin ƙarfe mai nauyi ya fi zama daram. Yana da kyau kuma a samu wanda ake rage masa gudu ana ƙarawa. DeWalt DW788, alal misali, yana yi daga bugu 400 zuwa 1,750 a minti.

A kula da na gwanjo. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 240. Injin da aka ƙera don Amurka, ka cusa shi kai tsaye a soket ɗinmu, sai dai ka ji ƙauri. Karanta ɗan farantin bayani da ke jikin injin kafin ciniki, idan 120 ne to ka haɗa da kuɗin taransifoma mai sauke wuta a lissafinka. Wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka ita ma tana lalata na'urar rage gudu.

Yanzu ga babban gargaɗin. Injin nan ba shi da ban tsoro. Ba ya ƙara sosai, ba ya fizgar katako kamar zarto mai faifai, kuma idan ya taɓa yatsa yawanci yanka ne ba guntulewa ba. Wannan sauƙin nasa shi ke sa mutane su girka shi a ɗaki ko a zaure, su zauna awa uku da fuska dab da katako. Haɗarin ba a tsinke yake ba, a ƙura yake. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a sahun farko na abubuwan da ke jawo daji ga ɗan Adam, musamman a hanci da kogunansa. Wannan yana zuwa ne bayan shekaru, amma asma da ƙaiƙayin fata ba sa jira haka. Obece, farin katakon nan mara nauyi da ke daɗin yanka, sananne ne wajen tayar da asma ga masu aiki da shi. Iroko shi ma haka, ga kumburin fata. Katakon MDF kuwa, da aka matse daga gari da gam, ƙurarsa laushi gare ta ƙwarai, kuma gam ɗin yawanci yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid.

Garin da kake gani a kan faranti ba shi ne matsalar ba, sai wanda ba ka gani, mai yawo a iska bayan ka kashe inji. Naɗa rawani ko hankici a hanci ba ya tare shi. Nemi takunkumi mai alamar N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska. Yi aiki inda iska ke ratsawa, nesa da madafi da wurin kwanan yara. Ɗan bututun da ke hura gari daga kan layi, juya bakinsa ya kalli nesa da kai. Idan za a share, a yayyafa ruwa tukuna.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Haƙoran tsinke su kalli gabanka kuma su kalli ƙasa, in ba haka ba katako zai riƙa tsalle. Sa tabarau, don guntun tsinke kan yi fitar burgu idan ya karye. Naɗe hannun riga, mata su ɗaure bakin mayafi. Cire filogi kafin canza tsinke. Kada ka tura katako da ƙarfi. Idan ka ga baƙi-baƙin ƙuna a gefen yanka, tsinken ya mutu ko gudun ya yi yawa.

Batun nuna aiki ga jama'a kuma, abu ne mai kyau, ta haka ake koyo. Amma a yi shi da amana. Ka faɗi irin katakon, da kaurinsa, da lambar tsinke, domin wannan ne zai amfani na baya, ba hoto kawai ba. Idan zanen na wani ne ka ambace shi, kuma ka sani da yawa daga masu zane suna yarda ka yanka don kanka amma ba su yarda ka buga zanen kana rabawa ko sayarwa ba. Wanda ya fi damuna shi ne kayan wasan yara. Yaro ƙarami komai baki yake kaiwa. Guntun da zai iya shigewa maƙogwaronsa bai dace da wanda bai kai shekara 3 ba. Tsohuwar ƙofa mai fenti na iya ɗauke da dalma, kuma katakon ɗora kaya mai tambarin MB an yi masa feshin maganin ƙwari. Kada arhar katako ta sa ka yi wa ɗan wani abin wasa da su.

Iyaye da malaman koyon sana'a, idan za ku sa yaro a gaban injin nan, ku saya masa takunkumi da tabarau a rana ɗaya da injin, kuma babba ya zauna kusa da shi har hannunsa ya faɗa.