Mazarin da ke cikin ƙwan akuya

A tarukan ƙungiyoyin makiyaya, daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, akwai tambayar da ba na rasa ji: "Malam, bunsuru ya hau ta, ga shi bayan sati uku ta koma nemansa. Juya ce?" Sau da yawa ba juya ba ce. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka sani da tagwaye, ba ta cika zama juya haka kawai ba. Abin ya lalace ne a wurin da ido ba ya gani.

A cikin kowace ƙwayar halittar jikin akuya ko saniya akwai ƙunshin gado guda 60, waɗanda masana ke kira kuromosom. Na tunkiya 54 ne. Kafin ƙwan uwa ya nuna, dole ya zubar da rabi, ya riƙe 30, don na uba su cike sauran. Wasu zaruruwa ne siraran gaske ke yin wannan rabo. Suna jeruwa, tsakiya da kauri, baki biyu a tsuke, kamar zaren da kakanninmu mata ke naɗewa a mazari, kuma sunan da masana suka ba abin ke nan: mazari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sauran ƙwayoyin jiki suna da turaku biyu da zaren ke fitowa daga gare su, amma ƙwai ba shi da su. Ƙunshin gadon ne da kansu ke tayar da wani sinadari mai suna Ran a kewayensu, shi kuma ya sa zaren ya tsiro a nan, ya kama kowane ƙunshi, ya jera su sahu. A saniya, aikin duka yana ƙarewa cikin kamar kwana ɗaya kafin ƙwan ya fito. Idan zare ɗaya ya kama ba daidai ba, ƙwan ya tashi da 29 ko 31. Barbara za ta yiwu, amma ɗan tayin yakan mutu cikin ƴan kwanaki, uwar ta koma neman namiji kamar ba a yi komai ba.

Zafi mai tsanani yana hargitsa wannan zare, an gani a ƙwan shanu a ɗakin bincike. Yunwa ma tana raunana ƙwai, kuma ƙwan saniya yana ɗaukar wata biyu zuwa uku yana girma. Ke nan wanda ya fito a farkon damina ya sha wahalar Afrilu da Mayu, ko da uwar ta fara murmurewa. Shi ya sa nake cewa harawa da dusar da kuka ɓoye, ku fara ba matan da za a yi wa barbara, ku kuma sama musu inuwa.

Sai maganar da ta fi damuna. Ƙwayar albendazol da ake saye a kasuwa tana kashe tsutsar ciki ne ta hanyar hana ta haɗa irin wannan zaren. Ɗan tayi kuwa, a makonninsa na farko, kullum ƙwayoyinsa rabuwa suke, kuma kowace rabuwa sai da mazari. Don haka takardar maganin ta hana a ba saniya a kwana 45 na farkon ciki, akuya da tunkiya a kwana 30 na farko. Yana iya jawo ɓari ko ɗa mai nakasa. Maganin ba shi da laifi, lokacin ba da shi ne muke kuskurewa. Na san a garken da bunsuru ke yawo da awaki kullum, sanin ranar barbara da wuya. To, a ba uwa maganin bayan ta haihu, kafin ta sake ɗauka, in kuma ana shakka a tambayi ma'aikacin kiwo wanda ya dace da mai ciki.

Ɓarin da ke zuwa bayan ciki ya tsufa wata magana ce daban, yana iya zama bakkale. Wannan kada a taɓa mabiyiya da hannu tsirara, a kira likitan dabbobi a ranar.