Touhou: Wanne ya fi a jerin wasannin ruwan harsasai na Japan?

A shekarar 1997 wani ɗalibin jami'a a Japan mai suna Jun'ya Ota, wanda aka fi sani da ZUN, ya fara sayar da wasannin kwamfuta da ya haɗa da hannunsa. Har yau shi ke rubuta manhajar manyan wasannin, shi ke zane, shi ke tsara kiɗa. Jerin, mai suna Touhou Project, ya kai na 20 a 2025, kuma masoyansa ba su daina musu kan wanne ya fi ba.

Japanawa na kiran irin wannan wasa danmaku, wato labulen harsasai. Ɗan wasa yana sarrafa wata 'yar yarinya mai tashi sama, galibi Reimu ko Marisa, abokan gaba kuma su cika allon da ɗaruruwan harsasai masu launi. Sirrin shi ne ba duk jikinta harsashi ke kamawa ba, sai wani ɗan ɗigo a tsakiya. Ya taɓa ɗigon, rai ɗaya ya tafi. Akwai bama-bamai ƙalilan da ke share allo idan wuya ta yi wuya. Abin alfahari shi ne a gama matakai shida ba tare da rayuka sun ƙare an nemi ƙari ba.

Masu jera wasannin kan duba daɗin kiɗa ko tsananin wahala. Amma akwai ma'aunin da ya fi waɗannan: idan harsashi ya same ka, shin wasan ya bar ka ka gane kuskurenka? Sabon shiga da ya fara da wanda bai dace ba, a dare ɗaya zai ajiye, ya ce abin ba na mutane ba ne.

A wannan ma'auni, wanda ya fi suna ba shi ne gwani ba. Embodiment of Scarlet Devil na 2002, na shida a jerin kuma na farko a Windows, shi ya fito da Touhou duniya, kuma kiɗan Flandre Scarlet da ke cikinsa ya zaga intanet. Sai dai ba ya nuna ɗigon nan ko kaɗan. Mutum na kutsawa tsakanin harsasai ne da kintace, wasu kuma a warwatse suke zuwa ba tsari. Wanda ya zaɓi mataki mafi sauƙi ma a zango na biyar ake sallamarsa, ko ƙeyar bos ɗin ƙarshe ba zai gani ba.

Perfect Cherry Blossom na 2003 ya gyara wannan: da zarar an danna maɓallin rage gudu, ɗigon ya bayyana. Ya kuma kawo wata garkuwa ta 'yan daƙiƙoƙi da ke shanye harsashi ɗaya. Gyaran kamar ba komai ba, amma shi ya mayar da mutuwa darasi. Na biyu ya dace da shi.

Kambun na Imperishable Night ne, na 2004. A nan ana zaɓar 'yan wasa bibbiyu, mutum da aljana, ana sauya su da maɓallin rage gudun nan, kowacce da irin harbinta. Idan harsashi ya taɓa ka, akwai ɗan taƙin da za ka iya jefa bam ka tsira, kuma taƙin ya fi na sauran wasannin tsawo, sai dai bam biyu zai ci maimakon ɗaya. Ciniki ne mai adalci: an yafe maka, amma ka biya. Babban abin kuma shi ne ɗakin atisaye, inda za a ware hari guda na bos a yi ta maimaita shi har hannu ya faɗa, ba sai an sake bin zangon tun daga farko ba. Tsofaffin hannu na kushe shi da cewa ya yi sauƙi. Su gwada shi a matakin Lunatic tukuna.

Mountain of Faith na 2007 ya zubar da yawancin ƙa'idoji, ya bar kauce-kauce zalla. Bam a nan daga ƙarfin harbinka ake cire shi, don haka duk tsira tana rage maka kaifi. Yana da tsabta, ya cancanci na uku.

Daga nan ake shiga gidan wahala, ita ma iri biyu ce. Subterranean Animism na 2008 ba ya wasa, musamman a ƙarshe inda Utsuho ke jefo ƙwallayen wuta masu kama da rana, su cinye rabin allo. Duk da haka komai a fili yake, wanda ya mutu ya san dalili. Undefined Fantastic Object na 2009 kuwa sai an bi wasu 'yan faya-fayai masu yawo an tara uku kafin a samu abin ƙara rai ko bam, kuma garin bin su ne ake faɗawa bakin harsashi. Wasan da kansa ke jan mutum zuwa rami, shi ya sa yake ƙasa.

Legacy of Lunatic Kingdom na 2015 ya fi raba kawuna. Ya zo da tsarin da ke mayar da kai 'yan daƙiƙoƙi baya duk lokacin da ka mutu, ba iyaka, sai ZUN ya samu hujjar tsananta harsasan. A wannan tsari ana iya lallaɓawa, ko da Clownpiece ta zango na biyar za ta kashe mutum sau ɗari. A tsohon tsari mai ƙidayar rayuka kuwa, azaba ce.

Na 9 da na 19 karawa ce ta mutum biyu a allo rabe, ba a sahu ɗaya suke da sauran ba. Haka ma biyar ɗin farko na tsohuwar kwamfutar PC-98, waɗanda na farkonsu ƙwallo ake bugawa.

Matsalar mai son farawa ita ce samu. Duka na kwamfuta ne, ba na waya ba. Manyan wasannin sun fara shiga kasuwar Steam a 2017 da Hidden Star in Four Seasons, wasu tsofaffi suka biyo baya, amma na shida da na bakwai da na takwas sun daɗe sai a faifai daga Japan. Wanda bai samu Imperishable Night ba, Mountain of Faith na nan a Steam, kuma ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi.