Addu'a a bakin Binuwai: Yadda shekarun gudun hijira suka sauya hidimar coci a Jimeta

Duk wanda ya kwana a unguwar Gwadabawa ko Luggere ko Nassarawo cikin Jimeta, ya san cewa garin da ibada yake farkawa. Kiran sallar asuba ne ke fara ratsa duhu, idan kuma ranar Lahadi ce, kafin hantsi ya dubi ludayi sautin ganguna da waƙoƙin sujada sun cika lunguna. Yawancin waƙoƙin nan da Hausa ake rera su, domin ita ce harshen da ke haɗa Bachama da Kilba da Margi da Higgi da Chamba a kan benci ɗaya.

A gaban kowace irin wannan jama'a akwai mutum guda da ake ɗora wa kaya: fasto, ko fada, ko mai bishara. Shi ke ɗaura aure, shi ke binne mamaci, shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, idan rijiyar da kowa ke ɗiba ta fara ƙafewa, daga ina ruwa zai sake zuwa mata? Abin da Kiristoci ke kira sabuntawar ruhu amsar wannan tambaya yake nema, kuma a Adamawa tarihi ya amsa ta da tsada.

Tushen bishara a Adamawa

A shekarar 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka a Numan. Daga aikinsa ne Cocin Lutheran ta LCCN ta tsiro, wadda har yau hedikwatarta ke Numan, makarantarta ta horar da fastoci kuma ke ɗauke da sunansa a Mbamba kusa da Yola. Shekara goma bayan haka, ranar 17 ga Maris 1923, Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Nan ne mafarin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN.

Dukansu da magani da makaranta suka shigo, wa'azi na tafe tare da su. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ba ɗan ƙasa damar karanta wa danginsa da kansa. A farkon shekarun 1960 kuma shirin Sabon Rai Don Kowa ya bazu a Arewa da tsari mai sauƙi: a fara da ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, a horar da talakawan masu bi, sannan a fita gida-gida. A wannan tsari addu'a ce gaba, bishara na biye.

Shekarar gwaji

Jimeta ta ɗanɗana tashin hankali tun Janairun 2012, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu sujada a Cocin Christ Apostolic. Amma babban gwajin a 2014 ya zo. Boko Haram ta kama Michika a watan Satumba, ta shiga Mubi ranar 29 ga Oktoba, ta kuma mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabannin cocin suka koma Jos na ɗan lokaci. Dubun dubatar mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu bayan kwanaki suna tafiya a ƙasa ta cikin daji da duwatsu.

Bishof Stephen Dami Mamza na Katolika, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a yankin Michika, ya buɗe harabar Babbar Majami'ar St. Theresa da ke Jimeta ga masu gudun hijira, ba tare da tambayar addinin kowa ba. Ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta haɗa da malaman Musulunci da na Kirista, ta shiga rabon abinci. A gidaje kuwa, iyalin da ke da ɗaki biyu sukan karɓi dangi da baƙi har tsakar gida ta cika. A waɗannan watanni, mai hidima kan idar da addu'ar safe ya wuce kai tsaye wurin auna masara da lissafin tabarmi.

Wa ke jinyar mai jinya?

Fastoci da yawa da suka iso Jimeta su ma 'yan gudun hijira ne. An ƙone majami'unsu, jama'arsu ta watse, albashin da ke fitowa daga baikon Lahadi ya yanke. Ga EYN nauyin ya ninka, domin yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, ita kuma coci ce da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. Yaya mutumin da ya binne ɗan'uwansa jiya zai hau bagade yau ya yi wa'azin gafara?

Amsar da cocin ta samo ita ce ta fara da masu wa'azin kansu. Tare da takwararta ta Amurka, EYN ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda fastoci da matansu da shugabannin Zumuntar Mata ke zama su faɗi abin da suka gani, su yi kuka, kafin a tura su sauraron wasu. A al'adar da ke ganin hawayen babba abin kunya ne, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Sabuntawar da ake nema a taron farkawa mai lasifika, sai ga ta a ɗaki mai kujeru kaɗan.

Ba a rufe babin jini ba tukuna. A Janairun 2020 Boko Haram ta sace Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, ta kuma kashe shi. A bidiyon da aka fitar kafin kisan, ya yi magana cikin natsuwa, ya miƙa al'amarinsa ga nufin Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa. Irin wannan natsuwa ba a rana ɗaya ake samun ta ba.

Masallaci a unguwar bishof

A Afrilun 2021 Dayosis ɗin Katolika na Yola ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei domin masu gudun hijirar da ba su iya komawa gida ba. An gina makaranta da coci, aka kuma gina masallaci saboda iyalan Musulmi da ke cikinsu. Wasu Kiristoci sun soki matakin, suna ganin ya saɓa wa aikin bishara. Bishof Mamza bai janye ba: mutanen tare suka gudu, tare suka zauna a sansani, don haka kowa ya cancanci wurin ibadarsa.

Muhawarar ta tona wata tsohuwar tambaya: da me ake auna bishara, da yawan waɗanda suka ɗaga hannu a filin taro, ko da abin da maƙwabci ya shaida? Bronnum da Kulp da asibiti suka amsa ta. Zamanin nan ya amsa da buhun hatsi da rufin kwano.

Gwajin yau

Yanzu matsin ya sauya kama. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tsadar rayuwa ta taɓa farantin baiko, ta kuma ƙara yawan masu zuwa neman taimako. Inda yunwa ta yi yawa, kasuwar masu sayar da addu'a da man shafawa da alƙawarin arziki cikin dare ɗaya kan buɗe. Matashin fasto mai iyali da kuɗin makaranta a wuyansa yana ganin wanda ya bi waccan hanya ya sayi mota.

Abin da zai riƙe shi tsohon abu ne: keɓe lokacin addu'a da azumi ba don idon jama'a ba, abokin hidima da zai iya gaya wa gajiyarsa, da majalisar dattawan coci da za ta ba shi hutu ta kuma biya shi haƙƙinsa kan lokaci. Jama'ar da ke cika filin Demsa a babban taron LCCN na shekara-shekara sukan koma gida da sabon ƙarfi. Sauran makonni hamsin da ɗaya kuwa, a lungunan Gwadabawa da Doubeli da Jambutu ake cin jarrabawarsu, lokacin da aka buga ƙofar fasto da ƙarfe biyun dare, ya tashi ya buɗe.