Allon Zamani: Mallaka wa Ɗalibi Na'urar Karatu

1.0 Gabatarwa

A makarantun allo na ƙasar Daura, tun daga cikin birni har Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kowane almajiri da allonsa. Shi yake wanke shi, shi yake adana shi. Wannan hikimar ake son maimaitawa idan an ce a mallaka wa kowane ɗalibi kwamfuta tasa.

2.0 Asalin Shirin

A shekarar 2005 Nicholas Negroponte na Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfuta mai rahusa. An gwada shi a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007. A 2013 kuma Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo, wato allon ilimi. Buƙatar ta ƙaru tun 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta.

3.0 Sharuɗɗan Nasara

i. Horar da malami kafin a raba na'ura.
ii. Samar da lantarki, ko da na hasken rana ne.
iii. Sanya darussa cikin ingantacciyar Hausa, tare da haruffan ɓ da ɗ da ƙ.
iv. Tanadar mai gyara a kusa.
v. Sa ido kan abin da yara ke buɗewa a intanet.

4.0 Kammalawa

Allo ba ya karantar da kansa. Na katako ne ko na lantarki, sai da malami yake zama ilimi.